Wanzami ba daga aski ya samo sunansa ba

Hausa tana da hanyarta ta raɗa wa mai sana'a suna, ko yaro ya iya ta ba tare da an koya masa ba. Mai ƙira maƙeri, mai rini marini, mai saƙa masaƙi, mai jima majemi, mai gini magini. A ɗauko aikin, a sa masa "ma" a gaba, a rufe da "i", shi ke nan. Da an bi wannan hanya, da mutumin da ke aske wa maza kai ma'aski ne sunansa, kuma kalmar tana nan, ba mai cewa ba Hausa ba ce. Amma shiga unguwar Birni ko Zango ko Garin Malam a Zinder, wato Damagaram, ka tambayi dattijo wa ke yi masa aski, da wuya ka ji ma'aski a bakinsa. Wanzami zai ce maka. To, daga wane aiki aka ciro wanzami? Ba a "wanza" kai, ba a "wanzama" gemu. Ita kanta sana'ar, wanzanci, daga sunan mai yin ta aka ciro ta, alhali a sauran sana'o'i mutum ne ke cin sunan aikinsa.

Wani zai ce ai ga wanzu, ga wanzuwa. Wannan kama ce ta sauti kawai, don babu abin da ya haɗa ɗorewa da aska. Sunayen masu sana'a da suka ƙi bin tsarin "ma", in ka bincika, yawancinsu baƙi ne. Dillali daga Larabci ya zo. Tela da kafinta daga Ingilishi suka hauro mana ta Kano. Wanzami ma a wannan layi yake, sai dai shi ya daɗe da zama ɗan gari har ba a tuna ranar saukarsa.

Masana harshe sun bi sawunsa har zuwa kalmar Larabci hajjam. Abin lura shi ne Larabci yana da kalmar mai aski tsantsa, hallaƙ, yana kuma da muzayyin, wato mai ƙawata mutum, amma ba ko ɗaya daga cikinsu Hausa ta ɗauka ba. Hajjam mai yin ƙaho ne. Tushen kalmar, haruffa uku na ha da jim da mim, tsotsa yake nufi, irin tsotson da jinjiri ke yi wa nono. Aikin sunansa hijama, abin da ake kafawa a jiki a zuƙo jinin sunansa mihjam. Ke nan tun daga tushe, sunan wanzami jini yake nunawa, babu gashi a cikinsa ko sili ɗaya.

Mai shakka yana da gaskiyarsa in ya ce tsakanin hajjam da wanzami akwai tafiya. Akwai kuwa. Amma tafiya ce da ake iya bi taki-taki, kuma wasu kalmomi sun bi ta.

Wasalin ƙarshe ba ya buƙatar dogon bayani. Bahaushe ba ya son barin suna a buɗe da baƙi, sai ya rufe shi da wasali: mu'allim ya zama malami, hakim ya zama hakimi, ƙalam ya zama alƙalami. Jam'in ma tare suke tafiya, malamai, hakimai, wanzamai. Kuma kamar yadda ake yanke malami a ce Malam wajen kira, haka ake yanke wanzami a ce Wanzam. Inda maganar take da daɗi shi ne tsakiyar kalmar, inda "jj" ta koma "nz". Ɗauki linzami, wanda kowane mai doki a fadar Damagaram ya sani. Asalinsa lijam ne a Larabci. Ga "j" nan ta koma "nz" daidai wa daida yadda ta yi a wanzami. Sa'annan ka dubi jakar da wanzamin ke ratayawa a kafaɗa, mai aljifai-aljifai, wadda muke kira zabira. A Larabcin Magrib, jabira jakar fata ce da mahayi ke ratayawa a sirdi. Nan ma "j" ta koma "z". Kalmomi uku ke nan, mutum da jakarsa da abin bakin doki, duka da tabo iri ɗaya.

Wannan tabo shi ne shaidar cewa kalmar ba kai tsaye ta faɗo daga bakin Balarabe zuwa bakin Bahaushe ba. Bahaushe yana da "j" tasa, ba ta ba shi wahala. Yana cewa aljanna, aljihu, Jumma'a, jahili, jimla, alhaji, bai taɓa mayar da su alzanna ko zahili ba. Haka "h" ta farkon kalma, yana barin ta yadda ya same ta: haram, hukunci, hakimi, haddi. Da daga littafi malamai suka karanto hajjam suka ba jama'a, da yau hajjami ko alhajjami muke cewa. A cikin zabirar ma akwai mai ba da wannan shaida, wato almakashi, daga al-miƙass, wanda ya iso da "al" ɗinsa a ka bai yar ba. Shi kuwa wanzami sai da wasu harsuna suka tauna shi kafin ya iso gare mu.

Hanya biyu ake nunawa, kuma mutumin Zinder ba sai an zana masa taswira ba, duka biyun ta ƙofar gidansa suka bi.

Ta farko ita ce ta gabas, ta Barno. Musulunci ya kafu a fadar Kanem, tushen daular Barno, tun ƙarni na 11, ɗaruruwan shekaru kafin ya zauna da gindinsa a biranen Hausa, don haka kalmomin Larabci da yawa sai da suka kwana a bakin Barebari kafin su ƙaraso. Masanin harshe Joseph Greenberg ya yi rubutu a kan wannan a 1960, inda ya nuna cewa kalmomi irin su kasuwa da karatu da rubutu ta Barbarci suka shigo Hausa. Suƙ ta Larabci ce ta zama kasugu a Barno, ta zama kasuwa a wurinmu. Barebari kuwa su ma wanzam suke cewa. Sarautar Damagaram kanta daga wannan ɓangare ta fito: Malam Yunus da ya kafa ta wajajen 1730 daga ƙasar Barno zuriyarsa take, sarakunan sun daɗe suna kai gaisuwa Barno kafin Sarki Tanimu ya yi ƙarfi a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, kuma har yau sunayen sarauta irin su Ciroma da Galadima da Yarima da Kaigama Barbarci ne.

Ta biyu ita ce ta arewa, ta Abzin. Unguwar Zango ai sunanta ya faɗi aikinta, nan ayarin Buzaye ke sauke kaya a bayan ganuwar Birni, masu zuwa daga Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Zinder a ƙarshen 1852, wannan ciniki na Sahara ne ya tarar yana ci. Ta bakin mutanen hamada muka samu raƙumi da takarda, har da azumi, wanda asalinsa saum ne na Larabci amma da rigar Buzaye ya iso. Masu ganin wanzami ta nan ya biyo suna kafa hujja da "wa" ɗin farkon kalmar, don a Buzanci "wa" na nufin "wanda", na namiji. Suna kuma da wata hujjar: a Maroko, tsohon mai aski na kasuwa, wanda ke yi wa yara kaciya ya yi ƙaho ya cire haƙori, hajjam ake ce masa.

Ba cewa nake a Zinder kalmar ta shiga Hausa ba. Abin da nake cewa shi ne ko ta gabas ta biyo ko ta arewa, a baki ta zo, tare da masu yin aikin, a cikin ayari da kasuwa da fada, ba a cikin gafakar malam ba. Akwai kuma wani abu da ya kamata a lura da shi. Sunayen ayyukan da kansu namu ne: aski, aska, tsaga, sakiya, ƙaho. Bahaushe bai ari kalmar hijama a wancan zamani ba, ya kira aikin da sunan abin da yake yin sa da shi, ƙahon saniya. A ganina wannan yana nuna cewa ba zuƙar jini ko aske kai aka koya mana ba, muna yi tun da can. Abin da ya zo sabo shi ne matsayin, wato mutum guda da aka sani, mai jaka guda, wanda duk wani aikin aska a jikin ɗan Adam ya rataya a wuyansa, kuma addini ya san da zamansa.

Daga nan kalmar ta ci gaba da tafiya. Zabarmawa wanzam suke cewa. Fataken goro da suka bi hanyar Gwanja sun kai ta ƙasar da ake kira Gana yau, tare da wanzaman da suka zauna a zango-zango. Ashantawa a da ba sa kaciya, har ma aibi ce a wurinsu, wanda aka yi wa ba ya hawa kujerar sarauta. Da al'adar ta sauya, wanzaman Hausawa ne suka riƙa yi musu, shi ya sa a Kumasi ko Ankara babban birnin Gana in ka ce wanzam, mai kaciya za a fahimta, aski ba ya ma zuwa ran mai sauraro. Can gabas mai nisa kuma abin ya juya ta ɗaya gefen. A Indiya da Pakistan hajjam mai aski ne, hajamat kuma aski, jinin ya zube a hanya gashi ya rage.

Turawa ma sun yi zamanin da mai aski shi ne mai fiɗa. A Ingila, a 1540, Sarki Henry na Takwas ya haɗa masu aski da masu fiɗa a ƙungiya guda, ba su rabu ba sai 1745. Ambroise Paré, wanda ya yi wa sarakunan Faransa huɗu aikin likita a ƙarni na 16, a hannun masu aski ya koyi sana'a. Sandar nan mai ratsin ja da fari da ake gani a ƙofar shagunan askinsu, jini da ƙyallen ɗaure rauni take tunawa. Bambancin kawai shi ne su daga gemu suka ciro sunan, barbier daga barbe, mu kuwa daga jini.

Wanda bai taɓa ganin ana ƙaho ba zai yi wuya ya gane dalilin da sunan wannan aiki ɗaya ya rinjayi sauran. Da hantsi ake yi, a zaure ko a gindin bishiya a gefen kasuwa. Mutum ya tuɓe riga ya zauna a tabarma ya sunkuyar da kai. Wanzam ya shafa ruwa a bayansa, in da gashi ya kankare, ya ɗauko ƙaho ɗan gajere wanda aka huda tsininsa, ya kifa faffaɗan bakin a fata. Sai ya sa bakinsa a hudar ya zuƙe iskar, kumatunsa su lotsa, kafin ya ɗaga leɓe ya tura ɗan kaki da harshe ya toshe hudar. Ƙahon ya tsaya cak da kansa. Haka zai jera huɗu ko shida. In an jima ya ɓalle su, wurin ya kumburo ya yi da'ira, sai ya ɗauko ƙaramar aska ya yi tsaga ƙanana a jere, da sauri, kafin mutum ya ce wash an gama. Ya mayar da ƙahon ya sake zuƙa. In ya cire a karo na biyu sai ya juye abin da ya taru a sakaina ko a rairayi, baƙi ƙirin, guda-guda, ya nuna wa mai shi ya ce, "Ka ga mataccen jinin da ke hana ka barci." A gaskiya duk jinin da ya fita daga jiki ya zauna ɗan lokaci sai ya daskare ya yi duhu, ko na wane ne. Amma mai ciwon baya ya ga ciwonsa a ƙasa da idonsa, kuma wannan gani yana cikin abin da ya biya. Tsotsar nan da wanzam ya yi da bakinsa, ita ce ainihin ma'anar sunansa.

Addini ya ba wannan aiki gindin zama. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Abu Ɗaiba ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaho, kuma ya ba shi ladansa. Akwai hadisin da ya ambaci waraka a abu uku, tsagar mai ƙaho tana ciki tare da shan zuma da lalas. Akwai ruwayoyin da suka zaɓi ranakun 17 da 19 da 21 ga watan Musulunci. Sai dai kuma akwai hadisi a Muslim da ya kira abin da mai ƙaho ya samu da "habis", abin ƙi, kuma malamai sun yi ta tattauna yadda za a haɗa shi da na biyan lada. Ibn Abbas ya warware da cewa da haram ne da Annabi bai bayar ba. Larabawa dai sun raina sana'ar, har sai da Annabi ya umarci Banu Bayada su ba Abu Hind, mai ƙaho, aure, su kuma nema a gidansa. Wannan matsayi mai fuska biyu ya biyo kalmar har ƙasar Hausa. Ba a sa wanzami a sahun malamai ko attajirai, amma sarki da kansa yana cire rawani ya miƙa masa maƙogwaro, abin da ba ya yi wa waziri. Kuma ana shakkarsa. Kowa ya ji labarin yadda wanzamai ke gwada juna, a ce wani ya ɗaure askar wani ta ƙi ci, ko ya sa jini ya ƙi tsayawa. Ko ka yarda ko kada ka yarda, ba ka son ka ɓata da mutumin da zai riƙe ɗanka da aska a hannu. Abin sha'awa, shugabansu a fada ba kalmar aro ya ɗauka ba, Sarkin Aska ko Magajin Aska ake ce masa, da sunan makamin.

Wurin da aka fi ganin nauyin wanzami shi ne ranar suna. An raɗa suna da safe, an yi addu'a, an raba goro da dabino, maza sun watse, sai a ce a kira wanzam. Ba kowane wanzami ba, na gidan, wanda ubansa ya yi wa uban maigida. Kaka ko gwaggo ta fito da jinjiri a zane ta zauna a tabarma, ga ruwan ɗumi a ƙwarya. Ya jiƙa kan, ya goga sabulu, ya tallafe ƙeyar da tafin hannun hagu, ya fara daga goshi yana bin kan a hankali, yana kaffa-kaffa da maɗiga inda ƙashi bai haɗe ba. Tsohuwa ta ce, "Wanzam, a bi min miji a hankali." Shi kuma ya ce, "Haba Hajiya, uban nasa ma a hannun nan ya yi kuka." A tattara gashin kada ko ɗaya ya ɓata. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala, sun so a auna gashin a yi sadaka da nauyinsa na zinariya ko azurfa. A da, a wannan zama ne ake yin tsagar gado, wadda ke nuna ko yaro Bagobiri ne ko Babarbare ko Bakatsine, a kuma duba beli. Wanzam ya tashi da kuɗi da hatsi da rabonsa na naman ragon suna. Bayan shekara shida ko bakwai, in ɗari ya shigo, shi ne zai dawo ya yi wa yaron kaciya tare da tsararrakinsa. In maruru ya nuna shi zai yi sakiya, in haƙori ya dame ka shi zai cire. Askin Jumma'a, wanda a yau muke ɗauka shi ne sana'ar, shi ne mafi ƙanƙanta a cikin ayyukansa, shi ne dai ya fi yawan maimaituwa.

Karin magana ma ta san haka. Da Bahaushe ya tashi yi wa wanzami habaici bai ce ba ya son aski ba, cewa ya yi wanzami ba ya son jarfa. Yankan fata ne abin da aka san shi da shi.

Shi ya sa da shagunan zamani suka cika gari, ba wanda ya yi kuskuren kiran yaron da ke ciki wanzami. Bi titin da ya nufi kasuwar Dole ko ka shiga Sabon Gari, ga su nan birjik, an rubuta "Coiffure" a allo, an zana kawunan samari da aski iri-iri, ciki ga madubi ga fanka ga hotunan ƴan ƙwallo. Kwafer ake ce masa, ko mai aski. Kalmar Faransanci ce, daga coiffe, abin rufe kai, ma'anarta mai gyara gashi ya yi kyau, wato daidai da muzayyin ɗin nan da kakanninmu suka tsallake. Kwafer bai gaji sana'ar ba, ya koya ne a shagon wani cikin ƴan watanni. Ba ya zuwa gidanka, kai ke zuwa wurinsa. Bai san sunan kakanka ba, kuma in ya zubar maka da jini kuskure ya yi, sai ya ba da haƙuri. Injinsa, wanda mutanen Kano ke kira kilifa, ba ya sauka har fata yadda aska ke yi, shi ya sa dattijon da ya saba da ƙwaryar molo yake ganin an yi masa rabin aiki. Su kuma samarin da ke zaman hira a bakin titi ba mai shigar da su zauren wanzam, don wanzam saisaye da gyaran fuska da aske kai tas ya iya. In ka ce ya kwashe gefe ya bar tsakiya, wa'azi za ka sha, ya kawo maka hadisin Ibn Umar da ya hana aske wani sashen kai a bar wani. Yana mantawa da cewa kakanninsa ne suka yi ta bar wa yara zanko da tukku.

Gashi ke nan ya tafi wurin kwafer. Jini kuma likita ya karɓi mafi yawansa, kuma a nan ba na cikin masu kukan an kashe al'ada. Beli ba cuta ba ne, halitta ce da kowa ke da ita a maƙogwaro, kuma yanke shi a jinjirin kwana bakwai yana jawo zubar jini da ƙin kama nono da shigar ƙwayoyin cuta. Aska ɗaya a jikin yara goma hanya ce ta ciwon hanta da sida. Cire angurya da yankan gishiri da ake yi wa ƴaƴa mata sun jefa wasu cikin yoyon fitsari da wahalar haihuwa, kuma tun 2003 dokar Nijar ta mayar da kaciyar mata laifin da ake ɗaure mutum a kansa. Tsagar gado ita ma tana ƙarewa da kanta, ka dubi fuskokin ƴan lakwal na yau ka gwada da na kakanninsu. Wanda ya ce duk wannan asara ce, a tambaye shi ko zai miƙa tasa ɗiyar.

Amma kuskure ne a ɗauka an gama da wanzami. A ƙauyukan Mirya da Magarya da Matamai da Tanut, inda likita ke da nisa kuma kuɗin mota ma abin tunani ne, har yanzu shi ne na kusa. A cikin birni ma iyali da yawa suna kai yaro asibiti a yi masa kaciya, amma ranar suna ba sa yarda kwafer ya taɓa kan jinjiri, sai wanzam. Tun da jama'a ba su daina kiransa ba, abin da ya fi amfani shi ne a ja shi a jiki: sabuwar reza ga kowane yaro, a dafa kayan aiki, ya san inda hannunsa ya kamata ya tsaya ya ce a tafi likita. Wanzaman da suka karɓi wannan suna nan suna aiki, har uban yaro kan zo da tasa rezar a takarda ya buɗe a gaban kowa.

Sai ga wani abu ya faru a ƴan shekarun nan wanda ya sake dawo da maganar asalin kalmar. Shagunan maganin Musulunci sun yawaita, masu sayar da habbatus-sauda da zuma da man zaitun, kuma a allunansu ana rubuta "Ana yin hijama". Kofunan roba ne da ɗan famfon hannu mai zuƙe iska, da safar hannu, da auduga. Masu yi galibi matasa ne da suka yi karatun Larabci, kalmar kuwa daga littafi suka ɗauko ta, shi ya sa ta iso da "h" da "j" ɗinta lafiya lau ba tabo. Tushe ɗaya ne ya shigo Hausa sau biyu, ɗaya ta bakin ayari tun zamanin da, ɗaya ta makaranta jiya-jiya, kuma masu amfani da su ba su san ƴan'uwan juna ba ne. Za ka ji ɗan boko ko ustazu yana cewa shi ba ya zuwa wurin wanzami, ƙaho ƙazanta ce da gargajiya, amma duk wata yana zuwa a yi masa hijama don sunna ce. Ta fuskar tsabta yana da hujja, kofin da aka yi amfani da shi sau ɗaya aka yar ya fi ƙahon da ya zaga bayan mutum ɗari, kuma famfo ya fi baki. Ta fuskar sunna kuwa, abin da Abu Ɗaiba ya yi ya fi kama da na tsohon da ke gindin bishiya, don a Madina ta wancan zamani babu roba babu famfo, da baki ake zuƙa. Wasu wanzaman sun gane inda kasuwa ta nufa, sun sayi kofunan sun zuba a zabira kusa da ƙahonin gado. In mai zuwa ya ce ƙaho yake so a fito masa da ƙaho, in ya ce hijama a fito da roba.